Za a haɗe min ƙashin baya: in bi furfura ko in bi yawan aiki?

Malamin_Lissafi

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san tiyatar ƙashin baya, ma'aikatan asibiti ne ko waɗanda aka taɓa yi wa.

Shekarata 54, koyarwa nake yi. Ciwon tsatso na daɗe ina fama da shi har na saba. Ƙafa ce ta tayar min da hankali. In na tsaya gaban allo, kafin in kai ƙarshen misali ɗaya sai wani zugi ya taso daga ɗuwawun hagu, ya bi ta gefen cinya, ya gangara ƙwauri har kan babban yatsa, ƙafar ta yi nauyi ta mutu. Da zarar na zauna, ko na sunkuya na dafa tebur, sai ya lafa. Yanzu a zaune nake darasi, wani ɗalibi ke yi min rubutu.

Hoton MRI ya nuna gaɓa ta huɗu ta ƙashin tsatso ta zame gaba a kan ta biyar, wato L4 a kan L5, zamewa mataki na ɗaya, wato mafi ƙanƙanta, kuma hanyar da jijiyoyi ke bi ta matse. Gashi na yi, magunguna na sha, an yi min allura a baya ta ɗan yi aiki, daga baya ciwon ya dawo inda yake. Ina da ciwon suga, ina kan ƙwaya, ban kai ga allura ba.

Likitoci biyu na gani, dukansu sun ce a buɗe wa jijiyar hanya, a kuma haɗe gaɓoɓin biyu da sukuru huɗu da sanduna biyu. Na farko dattijo ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya haura shekara talatin yana aiki, kowa na ganin girmansa. Sai dai na lura yawancin waɗanda ke layin ganinsa masu matsalar kai ne. Shi buɗe bayan zai yi sosai. Na biyu likitan ƙashi ne, bai fi shekara bakwai da zama babban likita ba, amma ƙashin baya kaɗai yake yi, kuma ya ce ta ƙananan yanka biyu zai shiga, da bututu da na'urar hoto.

Uwargida ta ce dattijon, ba ja. Ƙanena ya ce matashin, zamani ya canja. Ni kuma takardar amincewa da aka ba ni in karanta ce ta hana ni barci: yagewar tantanin jijiya, shigar ƙwayoyin cuta, shanyewar ƙafa, ƙashi ya ƙi haɗewa, a sake aiki. Gogewar likita tana rage waɗannan da gaske, ko kuwa yanayin jikin mutum ne kawai? In tana ragewa, da me ake auna ta? Sannan yaya mutum zai tambayi babban likita sau nawa ya yi wannan aikin ba tare da ya ɗauka raini ne ba?

Sista_Tiyata

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni nas ce, a ɗakin tiyata na tsufa, ni ce mai miƙa kayan aiki. Hannayen likitoci na gansu da yawa, kuma daga kusa.

Gogewar likita tana rage matsalolin, amma da yawan yin wannan aikin shi kansa ake auna ta, kuma na kwanan nan. Likitan da ya shekara talatin yana cire ƙari a ƙwaƙwalwa gwani ne, ba mai musu, amma in sau uku ko huɗu yake ɗaura sukuru a ƙashin baya a shekara, hannunsa a nan bai kai na wanda ke yi duk mako ba. Ban ce haka dattijon naku yake ba fa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da rabin aikinsu ko fiye ƙashin baya ne, wataƙila ranar masu ciwon kai ka je. Batun wannan na jijiya ne wancan na ƙashi ne kuwa, cire shi daga lissafi. Duk ɓangarorin biyu suna yin aikin, kuma na ga gwanaye da akasinsu a kowanne.

Bari in gaya maka inda ake gane hannu. Kowace gaɓa tana da 'yan ginshiƙai biyu na ƙashi da suka haɗa gabanta da bayanta, ta cikinsu sukuru ke ratsawa. A L4 da L5 faɗin ginshiƙin santimita ɗaya ne da wani abu, sukurun kaurinsa milimita shida zuwa bakwai, jijiya kuma tana kwance a jikin ginshiƙin ta ciki da ta ƙasa. Likita ba ya ganin cikinsa. Huda yake yi a hankali, ya zare, sai ya miƙo hannu in sa masa wata siririyar waya mai ɗan dunƙule a baki. Ya zura ta cikin ramin, ya shafa bango huɗu da ƙasan ramin, ɗaya bayan ɗaya. In ko'ina ya ji ƙashi, ya ɗaura. In wani gefe ya yi laushi, to ramin ya ɓulle, sai ya canja hanya. Wanda ya saba a yatsunsa yake jin bambancin, kuma ba ya jin nauyin cewa a jawo na'urar hoto a sake dubawa. Wanda nake tsoro shi ne mai gaggawa, wanda zai tsallake shafawar nan don ya yarda da kansa. Sukurun da ya kauce ya taɓa jijiya, mutum zai farka da sabon zugi, ko ya kasa ɗaga tafin ƙafa, wani lokaci sai an koma an gyara.

Sai yagewar tantanin da ka karanta. Jijiyoyin suna cikin wata jaka ce mai ruwa, kuma inda hanya ta matse shekara da shekaru, jakar takan manne da abin da ke kewaye da ita. Wajen ɓamɓarewa takan yage. Wannan a hannun kowa yana faruwa. Duk likitan da ya ce maka bai taɓa yaga ta ba, ko dai bai yi aikin da yawa ba, ko ba ya faɗin gaskiya. A minti goman da ke biyo baya ake bambanta. Za ka ga ruwa garai-garai ya taru a wurin. Gwani muryarsa ba ta canjawa. Zai ce a rage ƙarfin abin zuƙar jini kada ya zuƙo jijiya, ya ɗora 'yar auduga, ya ƙara buɗe wurin har ya ga inda yagewar ta fara da inda ta tsaya, ya ɗinke da zare siriri ƙwarai, sannan ya ce wa likitan barci ya riƙe numfashin mara lafiya da ɗan matsi, a ga ko ruwa zai sake ɓulɓulowa. In ya bushe, a ci gaba. Bayan aiki da kansa zai je ya gaya wa mai shi, ya ce a kwanta a miƙe ba matashi kwana ɗaya ko biyu. Wanda bai saba ba yakan liƙa wani abu a kai ya rufe da fatan alheri, bayan 'yan kwanaki mutum ya tashi zaune kansa ya sara kamar zai fashe, ruwa na tsattsafowa ta ɗinki.

Ƙananan yanka aiki ne mai kyau. Jini kaɗan ake zubarwa, naman baya ba ya shan wahala sosai, mutum yakan tashi da wuri. Amma ta bututu ake leƙe, wurin ƙunci gare shi, kuma koyonsa na cin lokaci. Binciken da aka yi a kan likitocin da suka koma wannan salon ya nuna sai sun yi wajen aiki 30 zuwa 40 kafin hannunsu ya daidaita, kuma matsaloli sun fi taruwa a na farko-farkon. Don haka shi ma matashin kada ka ce ai zamani ne ka miƙa wuya. Tambaye shi nawa ya yi da wannan salon, da hannunsa, ban da waɗanda ya tsaya yana kallon maigidansa.

Raini kuwa, Malam, babu shi a nan, bayanka ne. Ka ce, "Likita, don hankalina ya kwanta, irin wannan aikin kamar nawa kake yi a shekara, kuma wace matsala ka fi cin karo da ita?" Wanda ya san aikinsa daɗi yake ji, har ya gyara zama ya ba ka labari. In ka ga fuska ta canja, ka samu amsarka. Ka kuma tambayi ko da mutanen da ya saba yake aiki. Na sha ganin gwani ya shiga ɗakin da ba nasa ba, da nas ɗin da ba ta san kayan ba, da mai na'urar hoton da ke lalube, aikin awa uku ya koma biyar. Kowace awa da ta ƙaru, ciwo a buɗe yake, jini na zuba.

Ɗan_Auta

Kawu don Allah kada ka yarda a taɓa maka baya. Wani maƙwabcinmu an yi masa, har yau da sanda yake tafiya. Duk wanda aka sa wa ƙarfe a baya ba ya komawa daidai. Ka ci gaba da gashi kawai, Allah zai kawo sauƙi.

Ummu_Yusra

Malam sannu da jiki. Kai kuma Ɗan Auta, a bar tsorata mutane da labarin maƙwabci. Ba mu san me aka tarar a bayansa ba, ba mu san yadda yake kafin aikin ba. Ni da nake rubutun nan da ƙarfe a bayana, gaɓoɓin da aka faɗa wa Malam su aka haɗe min, kuma da ƙafata nake zuwa ko'ina. Sunkuyawa ce ta ɗan ragu, safa sai na zauna nake sawa, in sanyi ya yi kuma tsatson yakan riƙe. Zugin ƙafa dai tun da na farka daga aikin ban sake jin sa ba.

Amma ban wuce lami lafiya ba, shi ya sa na ce sai na yi magana. Ni ma ina da suga. Wajen mako na biyu bayan an sallame ni, ciwon da ya fara sauƙi ya dawo da ƙarfi, na wurin yankan. Bandeji ya riƙa jiƙewa da wani ruwa-ruwa mai launin ɗorawa, da yamma kuma zazzaɓi da rawar ɗari. 'Yata ta ɗauki hoton wurin ta tura wa lambar da aka ba mu. Likitan da kansa ya kira. Bai ce a sha magani a gani ba, cewa ya yi a kawo ni yanzu-yanzu. A daren aka ɗebi jini, washegari ya sake buɗe wurin ya wanke, aka kai mugunyar gwaji aka gano ƙwayar. Ƙarfen bai cire ba, ya ce an zo da wuri. Na yi makonni ana ɗura min maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, hannayena duk sun yi tabo. Wahala kam na sha.

A ɗakin da na kwanta karo na biyu akwai wata baiwar Allah da aka yi wa nata aikin a wani wuri. Ita da ciwonta ya fara ruwa, ƙwayoyi aka yi ta canja mata ana cewa zai bushe. Likitan da ya yi aikin ya yi tafiya, kuma babu mai son taɓa aikin wani. Kafin a farga cutar ta kai ga ƙashi, sukuru ya yi sako-sako. Aiki uku aka yi mata.

In ni ce, bayan "nawa ka yi", zan ƙara da: in abu ya taso da tsakar dare wa zan kira, kuma wa zai buɗe ni? Zai kasance yana nan a watan farko, ko aikin zai yi ya hau jirgi? Ka kuma lura da yadda yake maganar matsala. Nawa likitan tun kafin aiki ya dube ni ya ce, "Hajiya, da sugan nan naki, abin da na fi ji miki shi ne ciwon ya yi ruwa." Ya ɗage aikin har sai da sugan ya sauka. Duk da haka ya faru. Amma da ya faru ban ji an yaudare ni ba, kuma na riga na san alamun da zan duba.

Likita_Ƙashi

Malam, Allah ya ba da lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan hoton da ban gani ba, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba.

Maganar Sista haka take. Manyan ƙididdigar asibitoci sun sha nuna cewa marasa lafiyar likitocin da ke yawan yin aikin sun fi ƙarancin matsala da gajeren zaman asibiti. Sai dai a yi hattara da lamba. Likita yana iya tara yawan aiki saboda duk wanda ya shigo sai ya haɗe masa baya. Wanda kuma yake zaɓar masu sauƙi, dole sakamakonsa ya fi na wanda ake turo wa aikin da ya lalace a hannun wasu. A wurina gogewa ta fi fitowa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, wajen yanke shawarar wa za a yi wa, wane aiki, gaɓa nawa. Tambayar da zan so ka fara da ita ke nan: haɗewar ma dole ce?

Aiki biyu aka gwama maka. Na ɗaya buɗe wa jijiya hanya, a ɓalle ɗan ƙashi da wani tantani daban da ya yi kauri, ba jakar jijiyar ba. Shi ne ke maganin zugin ƙafa, wanda kuma shi ne kukanka. Na biyu haɗewa, don kada gaɓar ta ci gaba da zamewa. An daɗe ana ɗauka cewa in dai akwai zamewa sai an yi duka biyun. A 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta wallafa gwaji biyu a fitowa ɗaya, suka saɓa wa juna. Na Suwidin, mutum 247, bai ga bambanci ba bayan shekara biyu da bayan shekara biyar tsakanin waɗanda aka buɗe kawai da waɗanda aka ƙara wa haɗewa, har da masu zamewa a cikinsu. Abin da haɗewar ta ƙara shi ne tsawon aiki, zubar jini da zaman asibiti, kwana 7 da ɗoriya maimakon 4. Na Amurka, mutum 66 masu zamewa mataki na ɗaya, ya ga ɗan fifiko ga haɗewa, kuma a waɗanda aka haɗe kashi 14 cikin ɗari ne aka sake yi wa aiki, a waɗanda aka buɗe kawai kuwa kashi 34. A 2021 Norwe ta fitar da nata, mutum 267 dukansu masu zamewa. Bayan shekara biyu kashi 71 zuwa 73 sun samu sauƙi mai ma'ana a kowane ɓangare, wato buɗewa kaɗai ba ta gaza ba. Har yau ana jayayya a kai. Ni kaina ina haɗewa in na ga gaɓar tana rawa.

An ɗauke ka hoton ƙashi a tsaye, ɗaya ka sunkuya gaba, ɗaya ka lanƙwasa baya? MRI a kwance ake yi, a kwance kuma gaɓar takan koma mazauninta ta ɓoye halinta. In tsakanin hotunan ta motsa milimita uku ko huɗu ko fiye, ko ƙofar da jijiya ke fita ta gefe ta rufta, hujjar haɗewa ta yi ƙarfi. In tana nan daram, akwai magana.

Ina nacewa ne don matsala da girman aiki take tafiya. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2010, kan tsofaffi sama da 32,000 da aka yi wa aikin matsewar hanyar jijiya, ya samu matsalar da ke barazana ga rai kashi 2.3 a buɗewa kaɗai, kashi 5.6 a haɗewa mai sarƙaƙiya, ta gaɓoɓi da yawa ko ta gaba da baya. Naka gaɓa ɗaya ce kuma ka fi su ƙuruciya, kada lambar ta firgita ka, alƙibla nake nuna maka. Ka kuma sani cewa ƙafa ta fi baya amsa wannan aikin. Ciwon tsatso zalla, babu jijiyar da ta matse, hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin jinya, tun 2016 ta ce kada a yi masa haɗewa sai a cikin gwajin bincike. Kada ka sa rai tsohon ciwonka zai tafi duka.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya hannun likita, ko wane ne shi. Ƙarfe ba shi ke haɗe baya ba. Likitoci biyu, Hibbs da Albee, sun fara wannan aikin a Amurka a 1911, yawanci ga masu tarin fuka na ƙashin baya, babu sukuru ko ɗaya, ƙashi kawai suke shimfiɗawa. Sukuru daga baya ya yaɗu, bayan aikin likita Roy-Camille a Faransa. Ƙarfen tokari ne, irin katakon da magini ke tokare rufin siminti da shi kafin ya kama. Jikinka ne zai gina ƙashi tsakanin gaɓoɓin, cikin wata shida zuwa shekara. In bai gina ba, yau da gobe sukuru ya yi sako-sako ko sanda ta karye. Taba ce babbar abokiyar gaba a nan, kowace irin nikotin, sai suga da laushin ƙashi. Ko da ya haɗe kuma, gaɓar da ke sama takan ɗauki ƙarin nauyi, wasu bayan shekaru su dawo da ita.

Yagewar tantani kada ta hana ka barci. A babban gwajin SPORT na Amurka ta faru ga kusan mutum ɗaya cikin goma na masu irin zamewarka, kuma bayan shekaru sakamakonsu bai bambanta da na sauran ba.

Ɗan Auta, jira ba laifi ba ne in mutum zai iya jurewa, wannan ciwon yawanci ba na gaggawa ba ne. Amma Malam, in fitsari ya fara riƙewa ko zubowa ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko tafin ƙafa ya fara faɗuwa kana tuntuɓe, a ranar za ka asibiti, ba a jira ranar ganin likita ba.

Malamin_Lissafi

Na gode ƙwarai Sista, Hajiya, Likita. Ɗan Auta kai ma na gode, na san tausayi ne.

Na koma wurinsu da tambayoyin a rubuce. Matashin ko gezau bai yi ba. Ya ce haɗewa biyu ko uku yake yi a mako, da salon bututu ya wuce ɗari biyu, yagewar tantani yana samu jefi-jefi, kuma ya taɓa komawa ya gyara sukuru. Lambar wayarsa ya ba ni, ya ce in ba ya nan abokin aikinsa ne ke riƙe masa. Da na ce ko haɗewar dole ce, ya ce shi a masu zamewa ya fi son ya haɗe tun farko, don kada in dawo bayan 'yan shekaru a yi aiki a kan tabo, wanda ya fi haɗari.

Dattijon dariya ya yi, ya ce rabon da mara lafiya ya yi masa irin wannan tambayar har ya manta. Haɗewa ba ta wuce biyu a wata a hannunsa yanzu, buɗewa kuwa kusan duk ranar aikinsa. Da na ambaci hoton tsaye, ya duba fayil ya ga ba a yi ba, nan take ya rubuta. Ya ce in gaɓar ba ta rawa buɗewa kawai zai yi. In tana rawa zai haɗe, ko in salon bututu nake so ya tura ni wurin wanda ya fi shi sabawa da shi. Maganarsa ta kwanta min, sai dai abu ɗaya ya tsaya min a rai: me ya sa tun farko bai nemi hoton ba, sai da na ambata?

Taba ba na sha. Gwajin suga na wata uku ya fito 8.9.

Sista_Tiyata

Duka biyun sun amsa ba tare da ɓata rai ba, kuma kowa ya faɗi aibinsa, wannan kaɗai ya rage min fargaba. Likitan da zai ce "wane ya fi ni a wannan salon" ba su da yawa, Malam.

Likita_Ƙashi

Abin da ya tsaya maka a rai yana kan hanya, amma ka tuna su biyun ne ba su nemi hoton ba. Maganar matashin a kan tabo ita ma gaskiya ce, aiki na biyu ya fi na farko yagewar tantani, kuma ita ce hujjar masu haɗewa tun farko.

Yanzu dai 8.9 ya fi zaɓen likita gaggawa. Likitoci da yawa ba sa taɓa irin wannan aikin sai ya sauka ƙasa da 8, wasu ma 7.5 suke nema, kuma saukowar za ta ci wata biyu zuwa uku. Ka ga likitan sugarka a wannan makon. Ka gaya wa duk wanda zai yi aikin ranar da aka yi maka allurar baya ta ƙarshe, don tana tayar da suga, kuma wasu bincike sun danganta yin ta dab da tiyata da ƙarin shigar ƙwayoyin cuta.

Ranar hoton ka sha maganin ciwon da ka saba sha kafin ka fita. In ciwo ya riƙe ka ba za ka sunkuya sosai ba, sai hoton ya nuna gaɓar ba ta motsi alhali tana yi. Ka kai wa dukansu, tare da MRI ɗin, kowa ya auna zamewar da kansa a tsaye da a kwance, ya gaya maka milimita nawa ya samu.